Tambayi Likita: Mantuwa da Sauyin Hali Bayan Shaƙar Hayaƙin Janareta ko Gawayi

Wasiƙu da dama sun iso mana daga Zariya da kewaye a kan hayaƙin janareta da gaushin gawayi. Yawancinsu suna tambaya ne a kan abin da ya ɓullo makonni bayan an sallami mutum daga asibiti, ana tsaka da yi masa barka da arziki. Mun zaɓi biyar, likitocin wannan fili suka amsa. Sunayen magunguna mun bar su yadda suke a jikin kwali domin a gane su.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ɗan shekara 54 ne, yana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Wata biyu da suka wuce ya kwana a ɗakin zaure, janareta na aiki a cikin zauren saboda gudun ɓarayi. Da asuba aka same shi a sume. Aka sa masa oksijin a asibiti, ya farfaɗo washegari, bayan kwana huɗu aka sallame mu. Ya koma kasuwa garau. Bayan kamar mako uku sai ya fara rikita lissafi, yana manta raka'ar da yake, tafiyarsa ta koma gajeren taku yana jan ƙafa. Yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba, har fitsari yana kufce masa. Danginsa sun ce iska ce ko sammu, tunda ai ya riga ya warke daga hayaƙin. Ina gaskiyar lamarin? (Wata uwargida, Tudun Wada)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Abin da kika zayyana sananne ne a wurin likitocin jijiyoyi, kuma wannan mako ukun da ya yi garau, wanda dangi suka riƙe hujja, yana cikin alamomin da ake gane ciwon da su.

Gubar da ke cikin hayaƙin ita ce kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana fitowa duk inda fetur, gawayi, itace ko kananzir ke ci ba tare da wadatacciyar iska ba. Idan ta shiga jini sai ta kama sinadarin da ke ɗaukar oksijin, wato himogulobin, da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Jini na zagayawa amma bai kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata ba, shi ne suman da kuka gani. Oksijin ɗin asibiti ya kori gubar daga jini cikin sa'o'i, sai dai ta riga ta tayar da wani kumburi a cikin ƙwaƙwalwa wanda ke ci a hankali. Abin da yake ci shi ne farin kitsen da ke lulluɓe da zaren jijiyoyi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki: wayar tana nan, amma da robar ta zagwanye saƙo ba ya isa daidai. Wannan zagwanyewa takan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta kai yadda za a gani a zahiri. Akwai kuma wasu ƙananan cibiyoyi biyu can tsakiyar ƙwaƙwalwa, ɗaya a kowane ɓangare, masu daidaita motsi, waɗanda wannan guba ta fi yi wa illa. Daga nan ne jan ƙafa da sanƙarewar jiki ke fitowa.

A Koriya ta Kudu, inda a da ake ɗumama gidaje da curin kwal a ƙarƙashin daɓe, an wallafa wani bincike a 1983 kan mutum 2,360 da suka shaƙi wannan iska. Mutum 65 daga ciki sun sami irin wannan ciwo mai jinkiri, kuma cikin waɗanda aka kwantar a asibiti kusan 12 ne a kowane 100. Tazarar da ke tsakanin farfaɗowa da ɓullar alamomi ta kama daga kwana 2 zuwa 40, matsakaicinta kusan kwana 22. Abin da muke so ki riƙe daga binciken shi ne, cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya, uku cikin huɗu sun murmure cikin shekara guda. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu manyan shekaru, da waɗanda suka suma, da waɗanda suka daɗe cikin hayaƙin.

Ki kai shi babban asibiti a wannan makon, kada a jira. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin jijiyoyi da na ƙwaƙwalwa da sashen gashin ƙashi. Ki tafi da takardar sallama da duk magungunan da yake sha. Magana ta farko da za ki faɗa wa likita ita ce ranar da ya shaƙi hayaƙin, da tsawon lokacin da ya yi a sume, da ranar da sauyin ya fara. Idan ba a faɗi wannan ba, cikin sauƙi za a ɗauka ciwon mantuwar tsufa ne ko taɓin hankali.

Kada ki yi mamaki idan likita ya nemi gwaje-gwajen da kamar ba su da alaƙa da hayaƙi: sukari, gishirin jini, ƙoda, hanta, maƙoƙo, zazzaɓin cizon sauro, fitsari. Dole ne a kawar da cututtukan da ke kama da wannan, musamman taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai idan ya bugu lokacin da ya faɗi, domin ita ma takan bayyana bayan makonni kuma tiyata ke maganinta. Auna gubar a jini yanzu ba shi da amfani, ta fita tuntuni. Hoton cikin kai na na'urar CT yakan iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. Hoton MRI ne ya fi nuna lalacewar farin kitsen. A kuma yi masa gwajin bugun zuciya, domin wannan guba takan raunata zuciya a ɓoye.

Game da dangi, addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su. Abin da muke roƙo shi ne kada a rufe shi a ɗaki a turara masa hayaƙi a kan gaushi, domin maimaita masa gubar ne. Kada a ɗaure shi, kada a doke shi, kada a ɗura masa jiƙo da ƙarfi.

Tambaya: Likita, bayan hayaƙin gawayi mahaifinmu ya koma yawan faɗa da rashin barci, yana cewa ana leƙensa ta taga. Aka yi masa wata allura aka ba shi ƙwayoyi. Ya lafa, amma yanzu jikinsa ya sanƙare, yawu na dalala, hannu na karkarwa. Maganin ne ko ciwon? Akwai maganin da ke warkar da ƙwaƙwalwar kanta? (Wani magidanci, Kwarbai)

Amsa: Malam, zai iya kasancewa duka biyun. Babu wata ƙwaya ko allura da aka tabbatar tana mayar da ƙwaƙwalwa yadda take bayan wannan guba. Ƙwaƙwalwar ce ke gyara kanta a hankali, aikin magani shi ne rage wahala da kauce wa ƙara ɓarna. A nan ne ake yawan yin kuskure.

Magungunan kwantar da hankali na da, irin haloperidol da chlorpromazine, suna toshe sinadarin dofamin, wanda cibiyoyin motsi ke aiki da shi. A jikin wanda waɗannan cibiyoyi suka riga suka ji rauni, kaɗan ma ya isa ya sanƙarar da shi. Haka magungunan amai da jiri irin metoclopramide da prochlorperazine, waɗanda ake saye a kemis ba tare da tunanin komai ba. Ku koma wurin likitan ƙwaƙwalwa da kwalayen a hannu, ku tambayi sunan allurar. Idan mai dogon zango ce, tasirinta zai kai mako 2 zuwa 4 ko fiye kafin ya sake shi. Kada ku tsayar da ƙwayoyin da kanku. Idan kuwa sanƙarewar ta haɗu da zazzaɓi mai zafi da gumi da ruɗewa, ku tafi sashen gaggawa a ranar, ko da tsakar dare ne.

Inda gane-gane ko zargi suka kai ga haɗari, likitoci kan zaɓi wanda bai cika taɓa motsi ba, kamar quetiapine, a fara da miligiram 12.5 zuwa 25 da dare, a ƙara sannu a hankali. Kafin nan ma a duba ko ciwon mafitsara, maƙalewar bayan gida, ciwon jiki ko rashin barci ne ke tayar masa da hankali, domin wanda bakinsa ya yi nauyi da faɗa yake nuna ciwo.

Diazepam da bromazepam, waɗanda aka fi sani da Valium da Lexotan, suna sa barci amma suna ƙara mantuwa da faɗuwa. Benzhexol, wato Artane, yana rage karkarwa, sai dai a jikin dattijo yakan ƙara ruɗewa ya kuma riƙe fitsari. Amitriptyline ma haka, ga shi yana taɓa bugun zuciya. Don sanƙarewa da jinkirin motsi likita kan gwada levodopa na wasu makonni; sau da yawa amfaninsa bai kai yadda yake yi wa masu ciwon karkarwa da sanƙarewa na asali, wato Parkinson, ba, idan ba a ga canji ba sai a janye shi a hankali. Ga mantuwa da rashin kuzari akan gwada donepezil ko amantadine, amma hujjar amfaninsu a wannan ciwo ba ta da ƙarfi, don haka a sa musu wa'adi, kada a yi ta saye wata da watanni ba a ga komai ba.

Wanda ya fi amsa magani shi ne ciwon damuwa, kuma yana da yawa bayan wannan guba, musamman ga wanda ya tsira alhali wasu a ɗakin sun rasu. Sertraline miligiram 25 zuwa 50 a rana ko fluoxetine miligiram 20 da safe su ne aka fi farawa da su. Sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu, kuma a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an sami sauƙi. A bambanta damuwa da mutuwar zuciya: mai damuwa yana baƙin ciki yana kuka, shi kuwa wanda ƙwaƙwalwarsa ta daina tunzura shi ba ya baƙin ciki, zama kawai yake har sai an ce ya tashi. Duk wanda ya fara cewa gara ya mutu, a ɗauki maganarsa da gaske, a ɓoye magunguna da fiya-fiya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi Shika ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Tambaya: Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibiti. Idan aka kawo mana waɗanda suka shaƙi wannan hayaƙi, na'urar yatsa takan nuna oksijin 98, sai mu sallame su. Me za mu yi tun farko don rage abin da ke biyo baya? Kuma mene ne gaskiyar ɗakin oksijin mai matsi? (Daga yankin Giwa)

Amsa: Abokin aiki, wannan 98 ɗin yaudara ce. Na'urar yatsa ta yau da kullum ba ta bambanta jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda gubar ta kama. Labari shi ne ma'auninka: janareta ko kasko a rufaffen wuri, da mutum biyu ko fiye a ɗaki ɗaya da ciwon kai, jiri da amai lokaci guda, waɗanda kan ji sauƙi idan sun fita waje. Sau da yawa akan ce zazzaɓi ne ko guba a abinci, a mayar da su ɗakin da ya kwantar da su.

A iskar da muke shaƙa, sai an yi sa'a 4 zuwa 6 kafin rabin gubar ya fita daga jini. Da tsantsar oksijin lokacin yakan sauko zuwa minti 60 zuwa 90. Saboda haka a sa takunkumi mai jaka, wanda ya kama fuska sosai, a buɗe lita 15 a minti, aƙalla sa'a 6, kuma a ci gaba har sai alamomi sun gushe. Robar hanci mai lita 2 ba ta yin wannan aiki. Ƙaramin injin tace oksijin yawanci lita 5 yake bayarwa, ya fi babu, amma silinda ake so. Lita 15 na sa'a 6 lita 5,400 ke nan, kusan cikin babbar silinda guda, don haka a lissafa tun da wuri ko a tura mara lafiya gaba da oksijin a fuskarsa. A auna sukari nan take. Wanda ya suma, ko ya ruɗe, ko yake ciwon ƙirji, da mai juna biyu, da jariri, da tsoho, duk na babban asibiti ne ko da sun farfaɗo.

Ɗakin oksijin mai matsi, wato rufaffen ɗakin da ake shigar da mara lafiya ya shaƙi tsantsar oksijin a ƙarƙashin matsin iskar da ya fi na waje, yakan sauko da lokacin fitar rabin gubar zuwa minti 20 zuwa 30. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002 kan mutum 152 ya nuna cewa waɗanda aka shigar sau uku cikin sa'a 24, kashi 25 cikin 100 ne suka sami matsalar tunani bayan mako 6, a kan kashi 46 na waɗanda aka ba oksijin ta takunkumi. Wasu gwaje-gwajen, har da na Ostareliya a 1999, ba su ga wannan amfani ba, don haka har yanzu masana ba su yi ittifaƙi ba. Amfaninsa ya fi yiwuwa a ranar farko. Bayan ciwon mai jinkiri ya bayyana, ana amfani da shi a Sin da Japan, amma hujjar ba ta kai a sa iyali su sayar da gona don nemansa ba, ga shi ba kasafai ake samunsa a ƙasar nan ba.

Abin da ke hannunka shi ne bibiya. Kada ka sallami kowa sai ka gaya wa wani na kusa da shi alamomin da zai sa wa ido har kwana 40, ka kuma ba shi ranar dawowa bayan mako 4 zuwa 6. Ranar da ya dawo, faɗa masa kalmomi biyar ka tambaye shi bayan minti biyar, sa shi ya lissafo ranakun mako daga Asabar ya yi baya, ba shi lissafin canji, sannan ka kalli tafiyarsa da yadda yake juyawa. Tambayi matarsa ko ɗansa a gefe, domin mai ciwon sau da yawa bai san ya canja ba.

Tambaya: An tabbatar mana wannan ciwo ne ke damun mahaifiyarmu. Ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, tana ƙwarewa idan tana shan ruwa. Yaya za mu kula da ita a gida? (Wata 'yar'uwa, Samaru)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya yi muku albarka. A wannan mataki abin da ya fi kashe marasa lafiya shi ne ciwon huhu daga ƙwarewa, da gyambon kwanciya, da ciwon mafitsara, da faɗuwa. Idan kuka tsare waɗannan huɗun, kun ba ƙwaƙwalwar lokacin da take buƙata.

Kada a ba ta komai a kwance. A zaunar da ita tsaye sosai, haɓa ta ɗan sunkuya, cokali ɗaya-ɗaya, a jira ta haɗiye. Abu mai kauri kamar kunu ko fate ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya. Ta zauna minti 30 bayan ci, a kuma wanke mata baki safe da dare. Idan tana tari a kowane ci, ko muryarta na gurgura bayan haɗiya, ko tana ramewa, a yi wa likita maganar robar abinci ta hanci. Ta wucin gadi ce. A juya ta duk sa'a 2, a duba ƙugu da duga-dugai da kafaɗa, jan da bai gushe ba bayan an ɗaga ta farkon gyambo ne. A kai ta bayi ko a sa mata fo duk sa'a 2 zuwa 3 ba sai ta nema ba, hakan ya fi barin robar fitsari a jiki.

Ma'aikacin gashin ƙashi ya koya muku motsa kowace gaɓa sau biyu a rana don kada ta ƙage. Da ta fara tsayuwa, tafiyar minti 10 sau biyu ko uku a rana ta fi doguwa sau ɗaya. Idan ƙafa ta kafe ta ƙi ɗaguwa, kada a ja ta; a ƙirga mata ɗaya, biyu da ƙarfi, ko a ja layi a ƙasa ta tsallaka. A naɗe tabarma da wayoyi daga hanya, a sa kujera a banɗaki.

Ku tsara mata yini a kan lokutan salla, komai a lokacinsa kuma a wurinsa. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a ba ta daƙiƙu ta amsa. 'Yan dubiya su shigo bibbiyu, kuma a daina yi mata jarrabawar "kin gane ni?", kowa ya faɗi sunansa. Surorin da ta haddace da ƙananan ayyuka kamar tsince shinkafa motsa ƙwaƙwalwa ne mai kyau. Ku rubuta abin da take iya yi a farkon kowane wata, domin sauƙin yakan zo a hankali yadda mai gani kullum ba ya lura. Ku kuma raba jinyar tsakaninku, ta watanni ce. Tuƙi, hawa babur, girki a kan wuta da riƙe kuɗin kasuwanci su jira izinin likita, ga duk mai wannan ciwo.

Tambaya: Ƙanwata mai jego ce. An sa mata kaskon gaushi a ɗaki saboda sanyi, ita da jaririn suka galabaita har aka kai su asibiti. Yanzu tana yawan mantuwa da kuka. Hayaƙin ne? (Daga Gyallesu)

Amsa: Yana iya zama shi, yana kuma iya zama damuwar bayan haihuwa, ko ƙarancin jini, ko maƙoƙo, ko hawan jini. Likita ne zai rarrabe, kuma a gaya masa tana shayarwa kafin ya rubuta magani. Sertraline na cikin waɗanda ake ba masu shayarwa. A duba zuciyarta da kyau. Tun shekarun 1970 likitoci suka rubuta yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa a Zariya, suka danganta shi da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa, ga shi wannan guba ita ma zuciya take taɓawa. Kumburin ƙafa, haki, ko kasa kwanciya sai da matashi da yawa, duk na komawa asibiti ne da gaggawa. Jaririn kuma likitan yara ya riƙa duba kama nononsa, jinsa, riƙe wuya da zama a kan lokaci.

Gaushin da ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar, don haka kasko ba ya kwana a ɗaki ko da an buɗe taga. A ƙara bargo da hula da safa. Janareta kuma a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙin na kallon nesa da gida, ba a zaure ko baranda ko ƙarƙashin bene ba. Idan ɓarayi ake gudu, a yi masa kejin ƙarfe mai buɗaɗɗun gefuna. Wanda aka samu a sume a fitar da shi iska, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa manja ko madara, domin ba sa karya gubar kuma huhu suke shiga. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara idan ta ji wannan iska. A kafa ta kusa da wurin kwana, a danna maɓallin gwajinta duk wata, a kuma duba ranar ƙarewar aikinta a bayanta, yawanci shekara 5 zuwa 7 ne.